Amsar Tambayoyin Masu Sauraro: Ko Gidan Saukar Baƙi Yana Bukatar Injin Wanke Kwanuka?

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, a garin Zango ta ƙasar Daura, cikin Jihar Katsina. Ya ce ya gina gida mai ɗaki huɗu, yana so ya riƙa ba da shi haya ta 'yan kwanaki ga baƙin Salla da 'yan biki da fatake. To sai wani ɗan'uwansa mazaunin Abuja ya ce masa irin waɗannan gidaje a can har injin wanke kwanuka ake sa musu, wai idan babu shi manyan baƙi ba za su sauka ba. Shi ne yake tambaya, mene ne wannan inji, zai yi aiki a Zango, kuma waɗanne kayan tsabta ya kamata ya tanada? Ya ƙara da cewa kuɗin da ke hannunsa na amfanin gonar bana ne, ba ya so ya zuba su inda ba za su dawo ba.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka, kuma muna zaton amsar za ta amfani wasu da yawa masu irin niyyarka a Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa da cikin Daura kanta. Bari mu faɗa maka a taƙaice tun da fari, sa'an nan mu kawo dalili. Kada ka fara da inji. Fara da ruwa, da makewayi, da wurin wanke-wanke, da sabulu, da mutumin da zai kula da su. Idan waɗannan sun zauna, baƙonka zai dawo. Idan ba su zauna ba, ko inji goma ka jera ba zai sake kwana a gidanka ba.

SANA'AR BA SABUWA BA CE

Da farko dai ka sani ba wani baƙon abu ka ɗauko ba. Sunan garinku ma kansa, wato zango, a Hausa wurin da matafiya ke yada kaya su huta ke nan. Tun zamanin da ayarin fatake ke tafiya Gwanja sayen goro, akwai fatoma, mai ba baƙi masauki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Har yau unguwannin da Hausawa suka kafa a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana sunansu zango. Abin da ya sake kawai shi ne yanzu a birane ana neman irin wannan masauki ta wayar hannu, kamar yadda kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ya yaɗa a duniya.

Baƙi kuwa ƙasarku ba ta rasa su. Akwai masu zuwa kallon hawan Salla a Daura, da Hawan Magajiya, da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, da masu ziyarar rijiyar Kusugu. Akwai masu cin kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ran Lahadi, da masu shige da fice ta Kwangwalam zuwa Jamhuriyar Nijar. Bugu da ƙari, a 2019 an kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri, sa'an nan a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda aka tsara zai bi ta Daura. Amma ka lura da abu ɗaya. Yawancin waɗannan baƙi na lokaci ne. Gidanka zai cika kwana biyar, ya yi wata guda a rufe. Riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

MENE NE INJIN?

Shi wannan inji akwati ne na ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, a ciki akwai kwanduna na waya inda ake jera faranti da kofuna da cokula. Idan an rufe an kunna, sai ya ja ruwa, ya dafa shi da wutar lantarki har ya yi zafin da hannu ba zai iya jurewa ba, wajen digiri 50 zuwa 70, ya riƙa feso shi da ƙarfi ta wasu hannuwa masu juyawa, ya ɗauraye, ya busar. Wata mace ce a Amurka, Josephine Cochrane, ta sami takardar mallakar ƙirar irin wanda ya karɓu a 1886, ta nuna shi a bajekolin duniya na birnin Chicago a 1893. Abin lura a nan, waɗanda suka fara sayensa otal-otal ne da gidajen abinci, ba magidanta ba, domin gidajen wancan zamani ba su da isasshen ruwan zafi. Sai da famfo da lantarki suka wadata a gidajen Turai da Amurka, bayan shekaru masu yawa, sa'an nan ya shiga ɗakunan girki. Ka ga ke nan ko a inda aka ƙirƙiro shi, ruwa da wuta suka riga shi zuwa.

Kada mu rage masa daraja, yana da amfaninsa. Na zamani ba ya shan ruwa da yawa, lita 10 zuwa 15 ta ishe shi wanki ɗaya, wato bai kai jarka guda ba, kuma zafin ruwansa yana kashe ƙwayoyin cuta. A ƙasashen da ladan ma'aikaci ke da tsada, mai gidan haya yakan sa shi don baƙi su wanke kayansu da kansu. Sai dai yana da sharuɗɗa guda biyar, ka auna su da gidanka ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, wuta. Lokacin da yake dafa ruwa yakan ja wajen wat 2,000, kuma wanki ɗaya yakan ɗauki awa ɗaya da rabi har zuwa uku. Ɗan ƙaramin janareton nan da ake kunna fitila da fanka da shi bai kai wat 1,000 ba, saboda haka ba zai ɗauke shi ba. Haka ma 'yar sola ta cajin waya da talabijin. Idan kuwa wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, kwanukan suna nan cikin ruwan maiƙo sai ta dawo.

Na biyu, ruwan famfo mai ƙarfi. Ba a kamfata masa ruwa da moɗa daga randa. Yawancinsu suna bukatar tanki wanda ya ɗara injin da kamar mita 5 a sama, wasu ma fiye, kafin ruwan ya shiga da ƙarfin da ake so. Akwai ƙanana na ɗorawa a kan tebur da ake zuba wa ruwa da hannu, amma kwanukan mutum biyu ko uku kaɗai suke ɗauka, su ma kuma suna jan wuta kusan wat 1,000. Ban da haka, ruwan rijiya mai yashi yana toshe 'yan ƙofofin da yake feshi ta ciki, ruwan zartsi kuwa, irin wanda ba ya kumfa da sabulu, yana barin farin ɓawo a jikin abin dafa ruwan har ya lalace.

Na uku, sabulunsa dabam ne. Idan ka zuba masa Omo ko Klin ko sabulun ruwa na wanke-wanke, kumfa za ta cika shi ta malalo ƙasa. Nasa na musamman sai a manyan kantunan birni, kuma kowane wanki sai an sa.

Na huɗu, irin kwanukanmu. An yi shi ne domin tangaran da gilashi da silba. Ƙwarya da akushi da ludayi da muciya za su tsage ko su kumbura. Tukunyar dalma za ta dushe ta yi baƙi. Robar da ba ta da ƙwari za ta lanƙwashe. Sa'an nan ba ya fitar da baƙin hayaƙin itace a gindin tukunya, ba ya ɓamɓare ƙanzon tuwo. Waɗannan dole sai an jiƙa an kankare da hannu, su ne kuwa suka fi cin lokaci a wanke-wanken gidan Bahaushe.

Na biyar, gyara. Ka tuna mun ce gidanka zai riƙa zama a rufe. Inji idan ya daɗe ba ya aiki, robobin bakinsa sukan bushe da zafi da ƙurar hunturu, ɓeraye su ci tiyonsa da wayoyinsa. Ranar da baƙi suka cika gida, ran nan zai ƙi tashi, mai gyara kuwa sai ka nemo shi daga Kano ko Katsina, ka biya kuɗin motarsa zuwa da komowa.

Idan gidanka yana da rijiyar burtsatse da tanki a sama, da babban janareto ko sola mai ƙarfi, kuma kana ciyar da mutane da yawa kullum a faranti na tangaran, to nan inji zai iya biyan kansa. Idan ba haka ba, ajiye maganarsa tukuna.

BAHO UKU

To me zai maye gurbinsa? Ai aikin injin bai wuce uku ba: ya wanke, ya ɗauraye, ya kashe cuta. Duk ukun ana yinsu da baho uku, kuma haka ma'aikatan lafiya ke koya wa masu gidajen abinci a ƙasashe da yawa.

A fara kwashe sauran abinci a zuba a bokiti mai murfi. Baho na farko, ruwa mai ɗumi da sabulu da soso. Baho na biyu, ruwa zalla na ɗauraya, da zarar ya fara yin fari-fari a sake shi. Baho na uku, ruwa mai ɗan bilic, irin su Hypo ko Jik, wanda ba a sa masa ƙamshi ba. Awonsa shi ne cokalin cin abinci ɗaya a lita 4 ta ruwa, wato cokali 5 a jarka mai lita 20. A tsoma kwanukan su yi kamar minti biyu a ciki. Idan bilic ya yanke, a tafasa ruwa a kwarara musu. Daga nan sai a kife su a rana su bushe da kansu, kada a goge da tsumma, domin tsumma ɗaya mai dauɗa yana mayar da duk abin da aka wanke.

Ka sa kafinta ya yi maka ɗan gadon shanya na katako, tsayin ƙugu, yadda kaji da awaki ba za su kai ba. Wurin wanke-wanken kuma a yi masa daɓen siminti mai ɗan gangara, ruwan ya bi ta rariya ya faɗa rami da aka cika da duwatsu da tsakuwa, nesa da rijiya. Kada ka bar shi ya kwanta a lungu, sauro ya samu gida, maƙwabta su samu abin ƙorafi.

Wataƙila wani ya ce duk wannan wahala a kan kwano? To ku tuna da 2021, shekarar da amai da gudawa ta kwalara ta ratsa Nijeriya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai. Wannan cuta ta ruwa da abinci da hannu marar tsabta take bi. Gidan da mutane daga garuruwa dabam-dabam ke sha da kofi ɗaya, suna shiga makewayi ɗaya, idan aka yi sakaci nan take samun hanya. Baƙo ɗaya ya kwanta a gidanka, labari ya riga ya kai tasha kafin ka kai shi asibiti.

KAYAN DA ZA KA SAYA

Domin madafa: baho uku, bokiti biyu masu murfi, sabulun wanke-wanke, soso mai laushi da soson waya, da randa ko durom mai murfi na ruwan sha, da moɗa ɗaya mai dogon hannu wadda ba a sha da ita. Toka mai laushi da ɗan yashi har yanzu babu kamarsu wajen goge gindin tukunya, ba kuwa sayensu ake yi ba. Kwanukan baƙi ka sayi na silba, ba sa fashewa, ba sa riƙe wari. Hatsi da sauran abinci a rufe su cikin mazubi mai murfi saboda ɓera, domin ta fitsarinsa da kashinsa ake ɗaukar zazzaɓin Lasa.

Domin makewayi: murfin masai, buta aƙalla biyu, burushi mai dogon hannu, bokiti da tsintsiya nasa na kansa waɗanda ba sa zuwa ko'ina, da safar hannu ta roba. Ka sayi bokitin makewayi mai launi dabam, alal misali ja, don kada a rikita shi da na madafa. A bakin ƙofa ka ajiye jarka mai famfo da sabulu domin wanke hannu. Wajen wanke daɓe, awo ɗaya na bilic a awo 30 na ruwa. Idan wani ya yi amai ko gudawa a ƙasa, a ƙarfafa haɗin, awo ɗaya a awo 6.

Domin ɗakuna: tsintsiyar laushi, abin kwasar shara, tsumman goge ƙasa, kwandon shara, zannuwan gado biyu-biyu ga kowace katifa yadda ɗaya na shanya ɗaya na shimfiɗe, da gidan sauro mai magani a kan kowane gado. Katifa ka sa mata rigar leda a ƙarƙashin zani, musamman da yake baƙin biki da yara suke zuwa.

Shi bilic kada ka tara shi da yawa don wai ka samu rahusa. Zafi da hasken rana suna rage masa ƙarfi. Sayi daidai bukata, ka duba ranar ƙarewar aikinsa, ka ajiye a inuwa, wanda aka haɗa da ruwa kuma a yi sabo kowace safiya.

ABUBUWA HUƊU DA KE KISA

A nan muna so ka buɗe kunne sosai, kai da duk wanda zai yi maka aiki.

Na farko, kada a taɓa gauraya bilic da wani maganin wanke masai, irin su Harpic, ko da wani ruwan tsabta ko wane iri ne. Haɗin yana tayar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu, a ƙaramin makewayi marar taga kuwa tana iya kayar da mutum. Bilic da ruwa kawai.

Na biyu, kada a juye bilic ko Izal ko kananzir a robar lemo ko ta ruwan sha. Yaron baƙo bai san gidanka ba, abin da ya gani a robar lemo sha zai yi. A bar kowane a mazubinsa, a sa a akwati mai kwaɗo.

Na uku, kuɗin cizo. Gidan baƙi ba ya rabuwa da barazanarsa, domin a jaka da tabarma yake zuwa. Mun san al'adar da yawa daga cikinmu manoma, sai a ɗauko fiya-fiya ko Sniper a yayyafa a ɗaki, wasu ma har ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake su jefa a ƙarƙashin gado. Wannan ganganci ne. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna, ta ce maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Ita kuwa ƙwayar hatsi, iskar da take fitarwa tana ratsa ɗaki zuwa ɗaki, ta kashe mutum yana barci. Maimakon haka, a wanke zannuwa da ruwa mai zafi ƙwarai, a kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, a fitar da katifa rana mai ƙuna, a liƙe tsagar bango da siminti. Idan abin ya faskara, a nemi ma'aikatan tsabta na ƙaramar hukuma, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin sai lokacin da suka ce.

Na huɗu, hayaƙin janareto da na gawayi. Ba a ganinsa, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da wari. Janareto a waje yake zama, nesa da taga, ba a zaure ko a baranda ba. Da sanyin hunturu ka gargaɗi baƙi kada su shiga ɗaki da kaskon wuta su rufe ƙofa.

MUTUM YA FI INJI

Duk kayan nan ba za su motsa kansu ba. Ka samu mutum ɗaya amintacce a unguwa, ko dattijuwa ko saurayi mai hankali, ka ɗora masa gidan, ka yanka masa lada a kan kowace tashin baƙi, ka koya masa awon bilic da idonka. Kuɗin da za ka kashe a kan inji da sabulunsa da man janareto zai biya wannan mutum lokaci mai tsawo, kuma shi zai share tsakar gida, ya wanke makewayi, ya ga katifar da ta jiƙe, abin da inji ba zai yi ba har abada.

A matsayinka na ɗan kasuwa ba sai an koya maka riƙon littafi ba. Rubuta duk abin da ke gidan, faranti nawa, buta nawa, zani nawa. A ƙirga gaban baƙo ranar shiga, a ƙirga ranar fita, ka karɓi ɗan kuɗin ajiya wanda za ka mayar idan kaya sun cika. Kuɗin sabulu da bilic da ruwan 'yan garuwa da ladan mai shara ka lissafa su cikin kuɗin haya tun farko, kada ka riƙa tsinkar baƙo da ƙananan caji, wannan yana ɓata ciniki. Da yake kuma garinku na bakin iyaka ne, ka rubuta sunan kowane baƙo da garinsu, ka sanar da mai unguwa cewa gidan na saukar baƙi ne. Wannan kariya ce gare ka.

Saboda haka ga jerin yadda za ka kashe kuɗinka: ruwa tukuna, sa'an nan makewayi mai murfi, sai daɓen wanke-wanke da ramin ruwa, sai kayan tsabta da gidan sauro, sai ladan mai kula. Abin da ya ragu, mayar da shi cikin jarin hatsinka ko takin baɗi. Idan shekara biyu ta zagayo ka ga ɗakuna ba sa zama babu kowa, ka sa sola da tanki, a lokacin sai ka sake duba maganar inji da littafinka a hannu.

Muna fatan wannan ya wadatar, Malam, Allah ya sa albarka a gidan. Sauran masu sauraro da suka aiko da tambaya a kan ajiyar wake ba tare da magani ba, ku yi haƙuri, taku tana tafe a mako mai zuwa. Mu kwana nan.